Koya wa yara fiziks da kayan tsakar gida

Ɗalibi a Baure ko Babban Mutum yakan haddace dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, amma in aka tambaye shi abin da ke sa amalanke cijewa a yashi sai ya yi tsuru-tsuru. Iyaye, kuna iya taimaka masa ko da ba ku yi boko mai zurfi ba, domin kayan gwajin suna nan a gidajenku.

1. Ku fara da kurar ruwa. Yaro ya tura ta babu kaya, sannan a ɗora jarka biyu, sannan huɗu. A damtsensa zai ji cewa in kaya sun ƙaru, sai an ƙara ƙarfi kafin kura ta ɗauki gudu. Doka ta biyu ke nan, wadda malaminsa ke rubutawa F = ma a allo.

2. Ku raba masa kilo da jan ƙasa. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kusan kilo 25 ce. A ninka da 9.8, ko da 10 kamar yadda tambayoyin WAEC da NECO kan ce a yi, sai a sami kusan newton 250, wato ƙarfin da ƙasa ke jan jarkar da shi. Da za a kai ta duniyar wata, kilonta na nan daram, amma jan zai koma kashi ɗaya cikin shida.

3. A saki duwatsu biyu lokaci guda. Babba da ƙarami, daga tsayi ɗaya, kuma kowa ya faɗi wanda yake zaton zai riga sauka kafin a saki. Tare za su dira, kamar yadda Galileo ya bayyana tun kafin Newton. Daga nan a gwada da takarda shimfiɗaɗɗiya da wadda aka dunƙule, yaro ya ga iska ce ke riƙe ta farkon. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a wata, inda babu iska, suka faɗi tare.

4. Kofi, kwali da dabino. A rufe bakin kofi da guntun kwali, a aza dabino a kai, a fizge kwalin da sauri, dabinon zai faɗa cikin kofin. Doka ta farko ke nan: abin da ke zaune ba ya motsi sai an ture shi, mai tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tare shi, shi ya sa fasinja ke tuntsurawa gaba idan direba ya taka birki.

5. Ku gangara ƙwallo a siminti, a tabarma, a yashi. A ƙirga taku nawa ta yi a kowanne, a rubuta a littafi. Gogayya ce ke cinye gudun, ita ce kuma dalilin ɗiga wa sarƙar keke mai. Amma ku nuna masa amfaninta: tayar da ta suɗe ba ta kama titi da damina.

6. A auna gudu da agogon waya. Ku ari abin awo wajen magini, ku shata mita 20 a ƙofar gida, yara su yi tsere, a raba nisa da daƙiƙoƙin da kowa ya ɗauka. Su kwatanta da Usain Bolt, wanda ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009.

7. Balan-balan ɗaya ya isa doka ta uku. A hura a saki: iska ta yi baya, shi ya yi gaba. Ku jawo 'yan mata cikin duk wannan, domin mai daka ta riga kowa sanin yadda taɓarya ke dawowa idan ta bugi turmi, kuma ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya nan a Daura tana buƙatar ɗalibai masu fiziks da lissafi.

8. Wanda ya fara hawan babur, ku zaunar da shi kan wannan lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta kai ga birki. In gudu ya ninka biyu, nisan da babur zai ja bayan taka birki yakan ninka huɗu, hular kwano kuwa sassauta bugun take yi kafin ya isa kai. Don Allah kada ku miƙa masa makulli sai ya iya maimaita muku wannan da bakinsa.