Akwatin Na'urar Ƙara Murya

Yara, ko kun taɓa tunanin yadda mutum guda ya kan tsaya a filin Idi ya yi magana, amma dubban mutane su ji shi sarai? Ba ƙarfin maƙogwaronsa ba ne. Muryarsa ta kan shiga makirufo, ta zama lantarki ɗan kaɗan. Sa'an nan wata na'ura da a ke kira amfilifaya ta ƙara wa lantarkin nan ƙarfi, ta miƙa shi ga lasifika. Ita kuwa lasifika sai ta mai da shi murya mai kai wa nesa.

Wani Ba'amurke, Lee de Forest, shi ya buɗe wannan hanya cikin 1906, da ya ƙago wani ƙwan gilashi wanda daga baya aka gane ya kan ƙara ƙarfin lantarki. Cikin 1925 waɗansu mutum biyu, Rice da Kellogg, suka bayyana irin lasifikar da mu ke amfani da ita har yanzu. Cikin 1947 kuma masana na kamfanin Bell a Amurka suka ƙago tiransista, wanda ya maye gurbin ƙwan nan. Shi ya sa na'urar ta ƙanƙance, ta yi araha, har mai gyaran rediyo ya kan iya harhaɗa tasa da hannunsa.

To, amma fa harhaɗawa rabin aiki ne. Na'ura marar akwati kamar kaza ce marar akurki. Ƙurar hunturu za ta rufe ta, danshin damina ya sa mata tsatsa, ɓera ya ciji wayoyinta. Abin da ya fi duka muni, yaro ya na iya kai hannu ciki. Lantarkin gida a Nijeriya ya kai wajen bolt 230, ya kuwa isa ya kashe babban mutum. Saboda haka akwati ya na kare na'ura daga mutane, ya na kuma kare mutane daga na'ura.

Akwati iri biyu ne, kuma bukatarsu ta sha bamban. Ku lura da kyau.

Na farko shi ne akwatin amfilifaya. Ita amfilifaya ta kan yi zafi in ta na aiki, in zafin ya yi yawa kuwa sai tiransista ya ƙone. Don haka a kan ɗaura shi jikin wani ƙarfe na alminiyon mai haƙarƙari, ya riƙa zuƙe zafin. Kun san iska mai zafi sama ta ke tashi. Sai a huda ƙananan ramuka a ƙasan akwatin da kuma samansa, a yi masa ƙafafu gajeru. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Ramukan kada su kai girman da yatsan yaro zai shiga.

Na biyu shi ne akwatin lasifika. A cikin lasifika akwai maganaɗisu da wata takarda mai kauri, mai siffar mazurari. Takardar nan ta kan yi gaba ta yi baya da sauri ƙwarai. In ta tura iska ta gaba, a lokacin nan ta na jan iska ta baya. In babu abin da ya raba tsakani, sai iskar gaba ta zagaya baya, su kashe juna, musamman ga sauti mai kauri irin na tambari. Shi ya sa lasifika tsirara ta ke da siririyar murya. Aikin akwati shi ne ya tsare iskar baya, kada ta gamu da ta gaba.

A nan akwai abin mamaki. Ƙwaryar goge da ta gurmi, so a ke yi su yi rawa tare da tsirkiya, don su ƙara amo. Amma akwatin lasifika ba a son ya motsa ko kaɗan. In ya yi rawa sai ya sa tasa murya cikin ta mai magana, a ji gurnani. Saboda haka a kan zaɓi katako busasshe mai nauyi, wanda kaurinsa ya kai rabin inci ko fiye. Ɗanyen katako ya kan kantare in ya bushe, ya buɗe baki.

Ga yadda gwanin kafinta ya ke yi. Da fari ya kan auna na'urar, ya zana siffar akwatin a takarda, ya sāke awo kafin ya ɗauki zarto, gama katakon da aka yanke ba ya komawa. Sa'an nan ya yanka allo shida. A allon gaba ya fafe rami zagayayye, wanda bai kai faɗin bakin lasifikar ba, don a sami wurin ɗaure ta. Ya shafa gam a gefen allunan, ya haɗa, ya ɗaure da sukuru, domin ƙusa ta kan saki in sauti ya daɗe ya na girgiza ta. Ya toshe duk wata kafa. Daga nan ya shimfiɗa auduga jikin bangon ciki, ta shanye amsa-kuwwa. Amma kada a sa auduga cikin akwatin amfilifaya, don za ta tsare zafi, har ta kama wuta.

Saura ado. A kan cike ramukan sukuru da garin katako da aka kwaɓa da gam. In ya bushe a goge da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, a na bin tsawon katakon, ba a gicciye ba. Sa'an nan a shafa fenti kaɗan-kaɗan, a bari ya bushe a inuwa inda babu ƙura, a sāke shafawa. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fenti ba don kyau kaɗai ba ne, ya na hana danshi shiga. Daga ƙarshe a ja ƙyalle mai shara-shara a gaban lasifikar.

Yara, ku riƙe wannan gargaɗi. Kada ku buɗe akwatin amfilifaya, ko da an zare ta daga bango, gama akwai abin da ya kan riƙe lantarki a ciki bayan an kashe. Mai son koyo ya fara da ƙaramar na'ura mai aiki da batir, a gaban malaminsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Wane aiki amfilifaya ta ke yi?
2. Don me a ke huda ramuka a sama da ƙasan akwatinta?
3. Me ya sa lasifika marar akwati ta ke da siririyar murya?
4. Ina bambancin ƙwaryar goge da akwatin lasifika?
5. Me ya faru cikin 1947?