Shawarar Jarirai Da Abincin Mai Jego

Jama'ar Kura da Bunkure da Kadawa, ku saurara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakinmu rani da damina, shinkafa da tumatir da albasa ba sa yankewa. Amma a cikin wannan yalwa ake hana mai jego manja ko ƙwai ko mangwaro, wai su ne suka sa idon jaririnta ya yi ruwan ɗorawa.

Ku sani, abin da uwa ta ci ba shi ke kawo shawara ba. Jariri kan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Idan suka fara mutuwa, sai su bar wani sinadari rawaya da likitoci ke kira bilirubin, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin tace shi da sauri ba. Shi ya sa fiye da rabin jarirai ke yin shawara, galibi daga kwana na biyu ko na uku. Ta kashi sinadarin yake fita, kashi kuwa sai an tsotsi nono. To, ina dabarar matse dakashi a zubar? A ba jariri shi tun sa'ar farko, a shayar da shi sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Ban da ruwa, ban da jiƙo.

Uwa ta ci wake, zogale, kifi, nama, duk abin da Allah Ya hore. In ma akwai abin ragewa, kanwa ce: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Abin tsoron yana cikin akwati. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, suna gadon ƙarancin wani sinadarin jini, G6PD. Kafur da ake sa wa kayan jariri yana farfasa jinin irin waɗannan yara, haka ma lalle. Maigida, ka tabbata an fitar da kafur kafin haihuwa.

Kullum a duba jariri a hasken rana, ba a duhun ɗaki ba: farin ido, dasashi, a ɗan danna goshi a ga launin fata. Idan shawara ta bayyana ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi nono, barci ya yi yawa, yana kuka mai tsini yana banƙarewa, kada a ce sai an yi suna. Sinadarin bilirubin kan hau ƙwaƙwalwa ya bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Shanya shi a rana ba ya wadatarwa, ƙuna ma yake jawowa. A garzaya babban asibitin Kura. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda ake kwantar da jariri ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wani lokaci har a sauya masa jini.