Matakan Kiwon Galla Don Amfanin Lambu

Duk wanda ya taɓa yin noma da tsakar rana a fadamun Hunkuyi ko Gimi ya san galla, 'yar mitsitsiyar baƙar ƙwaron nan da ke damun mutum a ido da kunne tana neman gumi. Yara sun fi kowa sanin gidanta, don su ne ke tsokale bangon zaure da tsinke su lashe ɗan zuman da ke ciki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, galla ƙudan zuma ce sosai. Tana da sarauniya da ma'aikata da rumbun abinci, harbi ne kawai ba ta yi. Danginta sun haura iri 500 a ƙasashe masu zafi, kuma ana kiwonsu. Mutanen Maya na ƙasar Meziko sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kiwon tasu a cikin kututture. A Ghana ma akwai cibiya sukutum ta wannan kiwo a Abrafo, kusa da dajin Kakum, wadda Farfesa Peter Kwapong na Jami'ar Cape Coast ya assasa.

Gara a faɗi gaskiya tun ran gini: mai neman zuman sayarwa ya je ya rataya amya. Manyan dangin galla ma da kyar gida ɗaya ke ba da lita guda a shekara, balle ƙaramar da ta fi yawa a garuruwanmu. Ribarta tana cikin kwandon tattasai da kankana, domin ita ce ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan har ya ƙulla ɗa.

Mataki na 1: Duba abin da kake nomawa

Ba kowace shuka ke buƙatarta ba. Raken Makarfi da gaɓa ake dasa shi, babu ruwansa da ƙwaro. Masara iska ce ke yi mata barbara. Inabin da Kudan ta yi suna da shi yana barbarar kansa. Tumatir kuwa, wanda shi ne kan gaba a Ikara, furensa sai an girgiza shi yake sakin gari. Iska da manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu gunji da ke huda azara su ke wannan aiki, galla ba ta iya ba. Duk wanda ya ce maka akwati biyu za su ninka maka tumatir, cinikinsa yake nema.

Inda take da rana shi ne tattasai, attaruhu, kankana, kokwamba, albasar da aka bari don iri, da mangwaro da gwaiba. Kankana da kokwamba furen namiji daban, na mace daban, don haka in ƙwaro bai zo ba furen macen zubewa yake yi, in kuma ya zo sama-sama sai ɗan ya fito a karkace. Masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi sun gwada ƙaramar galla a kan koren tattasai a Kakamega ta Kenya, suka wallafa a 2014 cewa 'ya'yan da ta ziyarta sun fi nauyi da yawan ƙwaya. A Ghana da Burkina Faso kuma an gano tana cikin manyan masu hidimar furen kaɗanya, wanda ya kamata matan da ke tsintar ƙwara su sani.

Mataki na 2: Nemo gidanta

Ka fita da hantsi, lokacin da rana ta ɗan ɗaga suka fara shige da fice. Duba tsagar tsohon bangon ƙasa, ƙarƙashin indararo, ramin azara, da kogon ɗorawa ko tsamiya ko mangwaro. Alamar ita ce ɗan bututun kaki mai kauri kamar tsinken tsintsiya ko alƙalami, da 'yan tsaro a bakinsa. Akwai wadda ta fi girma, mai ja-ja, a kogon itace, akwai kuma mai zama cikin suri. Ta suri ka ƙyale ta inda take, ba ta cika jure akwati ba.

In gidan yana cikin gonarka ko bangon da ke kusa da lambu, kiwo ya riga ya fara. Abin da ya rage shi ne ka hana yara tsokala, ka hana a sare itacen.

Mataki na 3: Haɗa akwati

Ka sa kafinta ya yi maka da busasshen katako mai kaurin inci ɗaya, wanda ba a shafa wa maganin gara ba. Kaurin nan yana da dalili: shi zai tare zafin Maris da Afrilu, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Ƙaramar galla cikin da zai ci lita ɗaya zuwa biyu ya ishe ta. Babbar tana son kamar lita biyar zuwa goma. Kuskuren masu farawa shi ne yin babban akwati don wai ta sake, alhali wurin da ta kasa cikewa shi ne maƙiya ke samun mazauni.

A huda ƙofa ɗaya wadda fensir zai shiga. A raba cikin gida biyu da ɗan katako mai rami, ɗaki na ƙwai da ɗaki na zuma. Kafin murfi a shimfiɗa farar leda mai kauri, yadda za ka leƙa ba tare da iska ta shiga ba. Wanda bai da kuɗin katako, ƙaramin tulu ko gora mai kauri ma suna yi, sai dai ɗibar zuma a cikinsu da wahala.

Mataki na 4: Shigar da ita

Nan ne aikin yake, kuma hanya uku ce. Kafin ka zaɓa ka san hali ɗaya na galla: sarauniyarta in ta fara ƙwai cikinta yakan kumbura har ta kasa tashi. Shi ya sa ba ta yin ƙaura rana ɗaya kamar ƙudan amya. In za ta kafa sabon gida, ma'aikata ne ke zaɓar wuri kusa da na uwa, su yi makonni suna jigilar kaki da abinci, sannan budurwar sarauniya ta tare.

Hanya ta farko ita ce tarko. Ka narkar da ɗan tsohon kakin galla ka shafe cikin akwatin da bakin ƙofarsa, ka rataye shi a inuwa kusa da gidan da ka gano, ka jira. Babu tabbas, amma babu hasara.

Ta biyu ita ce jona akwati da gidan uwa, kuma ita na fi so ga wadda ke cikin bango ko itace mai rai. Ka huda bayan akwatin, ka sa guntun tiyo mai tsawon taƙi daga bakin gidansu zuwa wannan rami, ka liƙe gefe da laka, yadda babu hanyar fita sai ta cikin akwatinka. Da farko za su mai da shi zaure, daga baya su fara ajiye tukwanen abinci, in an dace su kafa ƙwai. Yakan ci watanni, wani lokaci har shekara. Sai ka ga sababbin ƙwai da sarauniya a ciki sannan ka cire tiyon, ka ga gida ɗaya ya zama biyu ba ka fasa komai ba.

Ta uku ita ce kwashe gidan ɗungurungum, kuma ba a yin ta sai ga itacen da ya riga ya faɗi ko bangon da za a rushe. Ka yi ta da safe a lokacin da mangwaro da ɗorawa da kaɗanya ke fure, daga Janairu zuwa Maris. Ka buɗe a hankali, ka ɗauki curin ƙwan gaba ɗaya ka ajiye yadda ka same shi, sama a sama. Kowane ƙwai yana tsaye ne a kan ruwan abincinsa, in ka kifar ko ka jijjiga sai ya nutse ya mutu. Sarauniya kada ka taɓa ta da yatsa, ka tura ta kan ganye. Tukunyar zuma ko ta garin fure da ta fashe kada ta shiga akwatin, ƙamshinta ke kiran ƙananan ƙudajen da tsutsarsu kan cinye gida cikin 'yan kwanaki. Ka manna tsohon bututunsu a sabuwar ƙofa, ka toshe kowace kafa da salatif ko laka, ka bar akwatin a wurin har dare don 'yan kiwo, wato waɗanda suka fita neman abinci, su dawo.

Mataki na 5: Ajiye ta inda aikin yake

Ƙudan amya kan yi tafiyar kilomita biyu ko uku. Galla ƙarama ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, kuma wannan alheri ne gare ka, domin furenka za ta yi wa aiki maimakon na garin gaba. Ka ɗora akwatin a kan sanda mai tsayin ƙugu, ƙarƙashin inuwa, da 'yar rumfa ta kare ruwa, ƙofa na kallon gabas. In za ka kai ta lambun rani, ka toshe ƙofar da dare, ka riƙe akwatin a miƙe. Tafiyar ta zama ko dai taku ɗaya zuwa biyu a rana, ko kuma ta haura kilomita guda a tashi ɗaya. Tsakanin haka 'yan kiwo tsohon wuri za su koma su ɓace. Ka kai ta daidai lokacin da fure ya fara buɗewa.

Da yake ba ta harbi, ana iya ajiye ta a tsakar gida kusa da zogale, matan gida da yara su riƙa kula da ita.

Mataki na 6: Gyara yadda kake feshi

Wannan ne zai raba mai kiwo da mai ɓarnar katako. Tun da tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, hannun manoman rani ya saba da feshi, wasu ma gauraya magani biyu ko uku suke yi a tanki ɗaya. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗigo kaɗan ya ishe shi. Ka yi feshi da yamma liƙis bayan sun shige, kada ka yi da hantsi a kan buɗaɗɗen fure. In maganin mai ƙarfi ne, ka rufe ƙofar da ragar sauro tun daren jajibiri, ka ɗauke akwatin zuwa gida na 'yan kwanaki. Ka kuma yi magana da maƙwabtan fadama, don feshinsu ma naka ne. Roƙon da za ka yi musu ƙarami ne, su sanar da kai kwana ɗaya kafin su ɗauki tanki. Zaɓen magani mai sauƙin illa kuwa, malamin gona na yankinku ko ma'aikatan cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru sun fi mai shagon magani dacewa da tambaya.

Mataki na 7: Tsaro da ciyarwa

Ka shafa baƙin mai ko giris a ƙafar sandar saboda cinnaka da tururuwa. Ƙadangare yakan zauna a bakin ƙofa yana lashe su ɗaya bayan ɗaya, maganinsa shi ne ka yanke wuyan gorar roba ka kafa kewaye da ƙofar. In ka ga ƙananan ƙudaje masu gudu-gudu a cikin akwatin, ka sa ɗan ruwan kal a ƙaramar kwalba mai hudajjen murfi, za su shiga su mutu.

A tsakiyar damina, da marka ta hana fita, ka dama sukari da ruwa daidai wa daida, ka sa cokali biyu a murfin kwalba da 'yan tsinkaye don kada su nutse, ka ajiye a ciki. Kada ka ba su zuman kasuwa, yana iya ɗauko musu cuta. Suna kuma buƙatar ƙaro don gini, saboda haka ararrabi da dashi da mangwaron da ke kusa a bar su tsaye.

Mataki na 8: Ɗibar zuma da raba gida

Shekarar farko ba a taɓa komai. Daga ta biyu, gab da faɗuwar damina, ka buɗe ɗakin zuma kaɗai, ka huda kan tukwanen da tsinke mai tsabta, ka zuƙe da sabon sirinji, ka bar musu aƙalla rabi. Zuman ya fi na amya ruwa-ruwa, da ɗan tsami, kuma saboda yawan ruwan nan yakan yi kumfa in ya daɗe cikin zafi. Ka zuba a kwalba mai murfi ka sa a firiji ko cikin randa. A 2020 masu bincike na Jami'ar Queensland da abokan aikinsu sun gano wani sukari da ba a cika samu ba, mai suna trehalulose, a zuman wasu dangin galla na Ostareliya da Maleshiya da Barazil. Wannan bai mai da shi maganin ciwon sukari ba, kada ka sayar da shi da wannan suna.

In akwati ya cika maƙil, ka raba shi lokacin furen itatuwa. Rabin ƙwan, har da manyan ɗakunan da sarauniya ke fitowa daga ciki, ya koma sabon akwati tare da tukwanen abinci marasa fashewa. Sabon ka ajiye shi a gurbin tsohon don ya gaji 'yan kiwo, tsohon mai sarauniya ka kai shi nesa. Ka liƙe duka biyun, kada ka sake buɗewa sai bayan mako uku.