Sabuwar kaza: kada ki sake ta ranar da ta zo

A Mayahi da ƙauyukanta, daga Kanambakashe zuwa garin Sarkin Hausa, da wuya a leƙa gida ba a tarar da kaza tana tono a gindin danga ba. Wata ta uwar gida ce, wata kaka ce ta ba jikanta don ya koyi riƙon dukiya, wata kuwa sha'awa ce kawai ta sa aka sayo ta, don an ga wake-waken gashinta ya yi kyau. Ko ta wace hanya ta shigo, abin da aka saba yi ɗaya ne: a kwance mata ƙafa a tsakar gida, a watsa mata gero, a ce ta shiga cikin 'yan uwanta. Nan ne asara take farawa. Kazar da ta zo yau baƙuwa ce, kuma makonni uku na farko su ne za su nuna ko ta zama ta gida, ko ta ɓace, ko ta tafi da sauran kajin gaba ɗaya.

Aikin yana somawa tun a kasuwa. Ko a kasuwar Mayahi ce ko ta Tasawa, kada ki sayi kaza tana ɗaure a ƙasa ba ki ɗaga ta ba. Ki duba idonta, ya zama garau, ba ruwa ba kumburi. Ki kara kunne kusa da bakinta ki ji ko numfashinta yana ƙara. Ki juya ta ki duba gashin ƙarƙashin wutsiya; in ya dame da kashi fari ko kore, mayar wa mai ita. Ki shafa ƙashin ƙirji: in ya fito tsini ba tsoka a gefensa, ta daɗe ba ta da lafiya. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike ki nemi ƙuma da ƙwarƙwata. Sannan ki yi hattara da ranar da kaji suka cika kasuwa kuma kuɗinsu ya faɗi ba dalili, musamman da hunturu. Sau da yawa ciwo ne ya shiga wani ƙauye, kowa ya kwaso nasa ya rabu da su tun suna tsaye. Araha ba ta ado. In da hali, sagarar da kika saya a gidan maƙwabciyar da kika san kajinta ta fi ta kasuwa kwanciyar hankali.

Ciwon da ake tsoro shi ne wanda likitocin dabbobi suke kira Niwkasal, sunan wani gari a Ingila inda aka gane shi a 1926. Kowace mai kiwo ta san kamanninsa ko ba ta san sunan ba: kaza ta takure, fiffike ya zube, kashi ya koma kore, wata wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kaza tana iya ɗauke da shi kwana biyu har zuwa goma sha biyar kafin ya bayyana. Wato kazar da kika duba da kyau a kasuwa, kika ga tana ci tana sha, tana iya zama da ciwon a jikinta. Ido ba ya isa, sai lokaci.

Don haka kafin ki tafi sayayya, ki tanadi inda za ki keɓe ta. Ba sai kin gina komai ba. Babban kwando da aka kife, ko tsohon akurki da aka share aka shanya, ya wadatar, muddin yana can wani lungu nesa da inda tsofaffin kaji suke kwana, a inuwa, iska tana ratsawa. Kaskon ruwanta daban, sakainar abincinta daban. Da safe ki fara ba tsofaffin, sannan ki je wurin baƙuwar, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama. Yara ne suka fi ɓata wannan tsari, don ba sa iya haƙura ba su ɗauko sabuwar kaza sun nuna wa abokai ba. Yaron da aka ce kazar tasa ce, a ɗora masa aikin ruwanta, a kuma gaya masa ba ta fita sai ya ƙirga Juma'a uku. Agwagi ma a raba su da ita, domin suna iya ɗaukar ciwon ba su nuna alama ba.

Ranar farko ruwa ya fi abinci muhimmanci. Kazar da ta wuni a rana, aka rataye ta a kan babur ƙafa sama kai ƙasa, ƙishirwa ce take damunta. Ki ba ta ruwa mai sanyi na randa, ki bar ta ta huta, can da la'asar ki zuba mata ɗan tsaki. Kaza ba ta gumi. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, haki kawai take yi da baki buɗe, kuma kwandon da aka manta a rana yana iya kashe ta kafin azahar. Inuwar safe ba ita ce inuwar rana tsaka ba, ki lura da yadda take juyawa.

Tunda ba ta fita tono, duk abin da za ta ci daga hannunki yake. Gero ko dawa da dusa kaɗai ba sa riƙe ta. Ki haɗa mata da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da ganyen zogale, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Gara kuwa ba kamarta, kuma kyauta ce: a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a kan hanyar gara, da sassafe a ɗaga a zazzage. Ki ajiye mata kasko da yashi da toka ta yi birgima a ciki, da shi take kakkaɓe ƙwarin jikinta. In kajin Maja ne ko na gidan gona kika sayo, ki tambayi mai sayarwa abin da suka saba ci, ki riƙa gauraya shi da na gida kina rage shi sannu a hankali. Waɗannan ba su iya gudun shirwa ba, ba su kuma san tono ba, hidimarsu ta fi ta kajin Hausa.

A cikin waɗannan makonni ne za ki nemi mai allurar kaji, ko a ma'aikatar kiwo ko cikin mataimakan likitan dabbobi da suke zagaya ƙauyuka. Rigakafin iri biyu aka fi gani: na allura, irin ITA-New, da na ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda aka samar a jami'ar Kwinsland ta Ostareliya don ƙauyukan da ba firji sosai, ana kuma maimaita shi duk wata huɗu. A yi wa tsofaffi da sababbi duka, kuma sai masu lafiya, domin rigakafi ba ya tayar da kazar da ta riga ta kwanta. Yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya kama jiki, shi ya sa ake so a yi shi bayan girbi, tun iskar hunturu ba ta taso ba. Kafson mutane da ake fasawa a ruwan kaji, da barkono, da ɓawon maɗaci, ba na faɗa da masu yin su, amma babu ɗayansu da yake kashe wannan ciwo. Kuɗin kafson da an ba mai rigakafi da ya fi amfani.

In baƙuwar ta mutu a keɓe, kwandon ya yi aikinsa. A haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefa bayan danga karnuka su ja, a ƙone shimfiɗar. In kuwa kaji suna zubewa da yawa a unguwa lokaci ɗaya, a sanar da ma'aikatar kiwo, kada a yanka a ci. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a watan Fabrairu na 2006, kuma ita tana kama mutum.

Makonni uku sun cika, tana ci, tana kuzari, sai haɗawa. Ki fara matso da kwandonta tsakar gida kwana biyu ko uku, su ga juna ba su taɓa juna ba. Kafin nan ki share akurki, ki liƙe tsagogin bango, don a nan kaskar kaji take ɓuya da rana ta fito shan jini da dare, ki kuma toshe duk ramin da maciji ko gafiya za su bi. Bayan isha'i, duhu ya yi, sai ki ɗauke ta ki sa ta cikin sauran. Kaji ba sa gani sosai da dare, ba mai tashi faɗa. Da safe za a yi ɗan tsattsaga, haka suke sanin babba da ƙarama, kada ki shiga tsakani sai in kin ga jini. Ki watsa abinci wuri biyu don kada a hana ta ci. Zakara dabam ne: ɗaya ya ishi kaji goma, kuma sabon zakara a gidan da yake da nasa faɗa ne da ba ya ƙarewa, sai an fitar da ɗaya.

Sakinta na farko ya zama da la'asar sakaliya, lokacin da ba za ta yi nisa ba magariba ta koro ta. Masu ɗaure ƙafa da igiya, in za a yi, a yi da tsumma mai laushi, a inuwa, kusa da ruwa. Ki riƙa zuba tsakin yamma a bakin akurki, lokaci ɗaya kullum, da kira iri ɗaya. Cikin kwana uku ko huɗu za ki ga tana bin sauran ciki da kanta, ke dai ki ƙirga su kafin ki rufe ƙofa.