"Wa Zan Gani?": Neman Mai Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Birnin Kano

A birni irin Kano, wanda ciwon haƙori ya hana barci ya san inda zai dosa da gari ya waye. Mai karaya ma haka, ko dai ya nufi asibitin ƙashi na Dala ko ya nemi maɗori. Amma mutumin da ya yi wata biyu zuciyarsa a cushe, abinci ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa, kasuwar da yake ɗokin fita kullum ta zame masa nauyi, shi kam yawanci bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mai wannan rubutu masaniyar halayyar ɗan Adam ce da ke ganin marasa lafiya a wani asibiti a Kano, kuma tambayar da aka fi yi mata, ko a gefen taron biki cikin raɗa ko a saƙon waya da tsakar dare, ita ce: "Don Allah Malama, wa zan gani?"

Masu tambayar suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba ne kan gaba. A Najeriya, ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, yawancinsu kuma suna manyan birane. Ke nan mazaunin Kano ko Kaduna ya fi ɗan'uwansa na ƙauye sa'a nesa ba kusa ba. Abin da ke tare shi rashin sanin hanya ne, da tsoron kada a gan shi a ƙofar asibitin a ce ya taɓu.

Da wuya mutum ya shigo ofis ya ce yana da ciwon damuwa. Da jiki ake fara ƙorafi. "Kaina yana zafi kamar an ɗora garwashi." "Wani abu yana yawo a jikina." "Zuciyata tana bugawa, numfashina yana sarƙewa." Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, magidanci mai iyali, ya daɗe yana zagaye kafin a turo shi. Ya sha maganin taifod da na maleriya a kemis, an auna jininsa, an yi hoton zuciya, komai lafiya lau. Duk da haka lokaci zuwa lokaci, yana zaune a shago, sai gumi ya karyo masa, ƙirjinsa ya ɗaure, ya tabbata ajali ne ya zo. Abin da ke damunsa matsananciyar fargaba ce mai zuwa kwatsam, wadda kan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna ta lafa. Tana razanarwa ƙwarai, amma ba ta tsayar da zuciya, kuma tana da magani. Ranar da aka yi masa wannan bayani da Hausa, aka koya masa yadda zai sarrafa numfashi da tunaninsa idan ta taso, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Wato Malama, ba mutuwa zan yi ba?" Kuɗin da ya kashe a zagayen nan ya ninka abin da maganin kansa ya ci.

Akwai kuma hanyar malamai, wadda kusan kowane gida kan fara bi: tofi, rubutu, ruƙiya. Mai wannan rubutu ba ta taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ba, kuma ta san malaman kirki da su da kansu suke cewa iyali, "Ku haɗa da asibiti." Inda ba ta lamunta shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turara wa mutum hayaƙin da zai shaƙe shi, da mari a ƙafa, da hana shan maganin da likita ya rubuta. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa. Iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya, saboda ba su san wata ƙofar ba.

To, su wane ne ake gani?

Na farko likitan ƙwaƙwalwa. Shi cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya yi ƙarin shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni. Shi ke tantance cuta, ya rubuta magani, ya kwantar da mutum idan ta kama. Wanda ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da facaka da dukiya, ko damuwarsa ta kai ya daina ci da wanka, wurinsa ya kamata ya fara zuwa.

Na biyu masanin halayyar ɗan Adam na asibiti. Shi ba ya rubuta ƙwaya. Maganinsa zama ne da tattaunawa a kan tsari. Mutane kan ɗauka hira ce kawai, ko nasiha irin wadda gwaggo za ta yi. Aiki ne mai mataki-mataki: a gano tunanin da ke jefa mutum cikin ƙunci, a auna shi da gaskiya, a ba shi abin da zai gwada a gida, ya dawo a duba. Zama ɗaya kan ɗauki kusan awa guda, galibi sau ɗaya a mako, na tsawon makonni ko 'yan watanni. Ga damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya, da fargaba, da firgicin da ke biyo bayan haɗarin mota ko garkuwa ko rikici, wannan hanya kan wadatar ita kaɗai, wani lokaci kuma a haɗa ta da magani.

Sai nas-nas da suka yi karatun kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, waɗanda a wurare da yawa su ne ƙashin bayan aikin, da jami'an walwala masu shiga tsakanin mara lafiya da danginsa ko wurin aikinsa, da masu ba da shawara na makarantu da jami'o'i. Ɗalibi ya tambayi sashen ba da shawara na makarantarsa tukuna, don yawanci ba a biyan kuɗi.

Wuraren ba a ɓoye suke ba. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai asibitin tarayya da ke Barnawa, a Zariya akwai sashe a asibitin koyarwa na Shika, Sakkwato tana da na Kware, Maiduguri ma tana da nata. Wanda ƙafarsa ta yi nauyin shiga waɗannan ƙofofi ya fara da sashen ganin likita na yau da kullum a babban asibiti, ya yanki kati, ya faɗi gaskiyar abin da yake ji ba ciwon kai kaɗai ba, ya nemi takardar turawa. Wannan hanya tana da wata fa'ida: ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar maƙoƙo duk suna iya zuwa da kasala ko bugun zuciya masu kama da damuwa, kuma gwajin jini ne ke raba gardama. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano irin waɗannan matsaloli, saboda haka tambaya a asibitin unguwa ma ba asara ba ce.

Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, sai dai layi da jira. Na kuɗi ya fi sauri da sirri, ya kuma fi tsada, don haka a tambayi kuɗin kowane zama da yawan zaman da ake tsammani tun ranar farko, kada a fara a tsaya a tsakiya.

Wurin da ake bukatar buɗe ido sosai shi ne intanet. A Facebook, TikTok da Instagram yanzu mutum na iya rubuta "ƙwararre" a gaban sunansa ya fara karɓar kuɗi ta waya. Akwai na gaskiya a cikinsu, kuma ganawa ta waya tana taimakon matar da fita ke yi wa wuya da wanda ke nesa. Amma mai neman taimako yana da haƙƙin ya tambaya: me ka karanta, a ina, a wane asibiti ka yi horo, wace hukuma ko ƙungiyar ƙwararru ce ta san da kai? Likita dole ya kasance da rajistar hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Ƙwararren gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi alƙawarin warkarwa cikin kwana uku, ko ya fara tallan wani haɗi nasa a kwalba, ko yake kawo labarin waɗanda suka zo wurinsa a shafinsa ta yadda za a gane su, ko ya koma kiran mace da dare ba a kan aiki ba, a rabu da shi.

Sirri shi ne abin da ya fi damun masu zuwa, musamman mata. Wata matashiya da ta haihu ba da jimawa ba ta zo tare da uwar mijinta, ta zauna kai a sunkuye, duk tambayar da aka yi mata surukar ce ke amsawa. Da aka ce, "Hajiya, a yi mana afuwa, a ba mu 'yan mintuna ni da ita," ƙofa na rufuwa ta fashe da kuka. Ba ta jin son jaririn yadda ta zata, ba ta barci ko da ya yi barci, kuma ta ƙudurta a ranta cewa ita muguwar uwa ce. Wannan damuwar bayan haihuwa ce. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan samu matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa damuwa, amma a gidajenmu sai a ce kewar gida ce ko shagwaɓa. Da izininta aka sake kiran Hajiya aka yi mata bayani, ita ce kuma daga baya ta riƙa karɓar jaririn da dare don maijego ta runtsa. Ƙa'idar aikin ke nan: abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya zuwa kunnen miji, ko iyaye, ko shugaban wurin aiki sai da yardar mai maganar, in ban da inda rai ke cikin haɗari. Mace na iya neman mace ta gan ta idan akwai, kowa kuma na iya neman wanda ke jin Hausa ko amintaccen tafinta, domin ciwon da ke cikin rai da wuya ya fito daidai da aron harshe.

Idan an rubuta magani, haƙuri ya zama dole. Magungunan damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji sosai, kuma a nan mutane da yawa ke jefar da su su ce ba sa aiki. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, ciwon ya dawo. Ba a tsayar da su kwatsam sai da shawarar likita. Masu tsoron kada su kamu da jarabar ƙwaya su sani cewa haɗarin yana ga ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da ake saya a kemis ba takardar likita, da tramadol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018 bayan ɓarnar da ya yi wa matasa, har da matan aure, a Kano da wasu biranen. Da yawa daga cikin masu shan waɗannan damuwa ce suke ƙoƙarin dannewa da kansu.

Ba kowane ƙwararre ne zai dace da kowane mutum ba. Wanda ya yi 'yan zama bai ji ana sauraronsa ba, ko aka riƙa yi masa faɗa da gori, ya faɗa, ya nemi a canza masa. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka, kuma ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a mutunta shi, a kuma kare shi daga wariya.

Akwai halin da ba ya jiran ranar ganin likita. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, ko maijego da ta rikice ba ta gane mutane, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da fiya-fiya, shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Sau da yawa ita ke ba shi damar buɗe baki.

Duk wanda ya wuce mako biyu cikin baƙin ciki, ko fargaba, ko rashin barcin da ya taɓa aikinsa da ibadarsa da zamansa da iyali, ya je ya yanki kati a wannan makon. Wanda kuma ya ga haka ga matarsa, ko ɗansa, ko abokin shagonsa, ya daure ya raka shi.