Darasin Lafiya: An Sallame Shi, Amma Ya Warke?

Manufar darasi

Mu gane cewa sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Mu san haɗarin fitar da marar lafiya kafin lokaci, mu kuma san aikin da ke kan iyali da ikkilisiya bayan ya dawo gida.

Gabatarwa

A ƙauyukanmu na Doguwa, da Tudun Wada, da Kiru, da Bebeji, in aka ce an sallami wane, sai mu yi murna, mu je barka da arziki. Wannan daidai ne. Amma mun sha ganin abin da ke biyo baya. A kai yaro asibiti da zazzaɓi mai tsanani, a yi masa allura, washegari ya buɗe ido ya nemi kunu. Sai uban ya tuna masara tana jiran taki, kuɗin hannu kuma ya ƙare. Ya sa hannu a takarda, ya ɗauki ɗansa. Bayan mako guda zazzaɓin ya dawo da tsakar dare, ga ruwan sama, ga hanya ta lalace. Wasu yaran a kan mashin suke cikawa.

Me ke sa a fita da wuri?

Na ɗaya, kuɗi. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Kowane kwana a gado yana cin kuɗin magani, da abincin mai jinya, da kuɗin mota.

Na biyu, aikin gona. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina har zuwa kaka, daidai lokacin da gona ke bukatar kowane hannu.

Na uku, asibitin kansa. In gadaje sun cika, ko ma'aikata sun yi kaɗan, ko ana yajin aiki, akan sallami mai dama-dama don a karɓi wanda ya fi jin jiki.

Na huɗu, shawarar dangi. Wani ya zo dubiya ya ce, "Ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, ku kawo shi gida."

Ba a nan kaɗai ake fama da wannan ba. A Amurka, kamfanonin inshora sun riƙa matsa wa asibitoci su sallami masu jego kwana ɗaya da haihuwa. Sai da aka yi doka a 1996 wadda ta tilasta musu biyan kuɗin kwanciya na awa 48, ko awa 96 in tiyata aka yi.

Mu lura: daɗewa a asibiti ba dalili shi ma ba alheri ba ne. Yana cinye kuɗi, kuma ana iya ɗaukar wata cuta a can. Abin tambaya shi ne, likita ne ya duba ya ce an isa tafiya, ko mu ne muka gaji?

Me ke faruwa bayan sallama?

A 2022 aka buga wani bincike da aka yi a ƙasashe shida: Kenya, Uganda, Malawi, Burkina Faso, Bangladesh da Pakistan. An bi sawun yara 3,101 'yan ƙasa da shekara 2 da aka kwantar a asibiti. Yara 350 suka mutu. Daga cikinsu, 168 sun mutu ne bayan sun bar asibiti, cikin wata 6 na farko. Wato kusan rabi. To, in haɗarin ya kai haka, ina ga yaron da aka ɗauke ana tsakiyar magani? Bari mu duba misalai uku da suka fi shafarmu.

1. Yaro mai zazzaɓi mai tsanani

Allurar da ake yi wa irin wannan zazzaɓi, wato artesunate, ana yin ta aƙalla sau uku: da isowa, bayan awa 12, da bayan awa 24. In yaro ya iya haɗiya, sai a bi da ƙwayoyi na kwana 3 cikakku. Allurar farko takan sa jiki ya yi sanyi, amma ƙwayar cutar tana nan cikin jini. Kuma zazzaɓi yana cinye jini. Yaron da aka yi wa ƙarin jini yakan ɗauki makonni kafin ƙarfinsa ya dawo, sabon zazzaɓi kuma yana iya kayar da shi nan da nan. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ci gaba da ba irin waɗannan yara maganin kariya daga zazzaɓi bayan sallama.

2. Mai jego da jaririnta

Hukumar ta ce matar da ta haihu lafiya a asibiti ta zauna aƙalla awa 24 kafin a sallame ta. Zubar jini mai kisa ya fi zuwa cikin wannan lokaci. Bayan nan a sake duba ta da jaririn a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6. Shawarar jarirai takan fito a kwana na biyu ko na uku, lokacin da an riga an koma gida. In ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Sai mu riƙa duba idon jariri da jikinsa a hasken rana, ba cikin ɗaki ba.

Akwai kuma al'adarmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi zargin cewa yawan shan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki in ta kwanta, asibiti take bukata, ba ƙarin kanwa ba.

3. Wanda aka yi wa tiyata

Ɗinki yakan ruɓe ne kwanaki bayan aiki. Matar da aka ciro wa ɗa, in ta koma daka da ɗiban ruwa da wuri, ɗinkin yana iya buɗewa. Komawa kuwa ba wasa ba ce. In an ce sai babban asibiti a Kano, kamar na Murtala ko na Malam Aminu Kano, daga Doguwa tafiyar sa'o'i ce, ta ratsa dajin Falgore.

Tambayoyi biyar kafin a bar asibiti

Kada kunya ta hana mu tambayar likita ko nas:
1. Mene ne sunan ciwon?
2. Wane magani za a sha, sau nawa a rana, har kwana nawa?
3. Wace rana za a dawo, kuma wurin wa?
4. Wace alama ce in mun gani za mu dawo ba jira?
5. Me zai ci, wane aiki ne kuma ba zai yi ba tukuna?

A karɓi kati a adana. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita gaskiya kafin a sa hannu a takarda. Wani lokaci yana iya sauya magani da mai rahusa, ko ya tura mu asibitin da ke kusa da gida a ƙarasa allura.

Alamun da ba a kwana da su

Ga yaro: jijjiga, ƙin kama nono, amai da duk abin da ya ci, numfashi da sauri, tafin hannu ya yi fari, ko barcin da ba a iya tashe shi. Ga jariri: jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ido ya yi rawaya, cibiya ta yi ja ko tana ruwa. Ga mai jego: zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko ruwa mai wari. Ga mai ɗinki: kumburi, mugunya, ko zazzaɓi.

Aikin ikkilisiya

Mu tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Bai tsaya ga ɗaure raunuka kawai ba. Ya kai mutumin masauƙi, ya kwana yana jinyarsa, ya bar dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya dawo. Ya san jinya ba ta kwana ɗaya ba ce. Ga abin da mu ma za mu iya yi:

- Mu buɗe asusun jinya. Da kaka kowane gida ya kawo kwanon masara ko waken soya, dattawa biyu su riƙe lissafi.
- Matasa su yi gayya a gonar wanda ke jinya a asibiti, don kada gona ta janye shi gida.
- Zumuntar mata ta zaɓi mata biyu su duba duk mai jego a kwana na 3 da na 7.
- Mu san mai mota ko mai mashin da za a iya tasa da dare, mu ajiye kuɗin mai.
- Mu tambaya a asibiti yadda ake rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA.
- Mu yi wa maƙwabtanmu haka, ko na wane addini ne.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A bara, mutum nawa a ƙauyenmu suka koma asibiti bayan sallama? Me ya jawo?
2. A gidajenmu, wa ke yanke shawarar fitar da marar lafiya? Ana jin ta bakin uwar yaro?
3. Wane aiki ɗaya daga na sama za mu fara a wannan wata, kuma wa zai ɗauki nauyinsa?

A rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki nauyi, a karanta su a sujadar Lahadi mai zuwa. A rufe da addu'a domin marasa lafiya, da masu jinyarsu, da ma'aikatan asibitocinmu.