Darasi Na Goma Sha Huɗu: Haraji Da Wanda Ya Ke Zaune A Ƙasar Waje

A darasin da ya wuce mun karanta yadda Gwamnati ta ke karɓar haraji, da abin da ta ke yi da shi. Da kuɗin haraji a ke gyara hanyoyi, a gina asibiti da makarantu, a biya ma'aikata albashi. Yau za mu duba wata tambaya dabam. In mutum ya bar ƙasarsa ya tafi wata ƙasa neman abinci, wa zai biya wa haraji? Ƙasar da ya bari, ko ƙasar da ya sauka?

Wannan tambaya ta shafe mu. Da wuya a sami unguwar da ba ta da wani nata a waje. Wani yana Kumasi, wani yana Jidda, wani yana Ingila ko Amurka. Saboda haka ku karanta a hankali, sa'an nan ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Yadda A Ke Yi A Da

Dattawa sun tuna zamanin harajin kai da jangali. A lokacin nan dagaci yana da littafi, sunan kowane baligi na ciki. In mutum ya tafi cin rani, sunansa yana nan a littafin. Da ya komo, ko kuwa kafin ya komo, sai a nemi kuɗin a gidansu. A shekarar 1979 aka soke harajin kai da jangali a Jihar Kano da Jihar Kaduna. Yanzu galibi a kan abin da mutum ya samu a ke ɗora haraji, watau albashi, da ribar ciniki, da kuɗin haya.

Hanyoyi Biyu

Ƙasashen duniya suna bin hanya biyu a wannan al'amari.

Hanya ta fari ita ce ta mazauni. Inda ka ke zaune, nan za ka biya. Kusan dukan ƙasashen duniya wannan hanya su ke bi, har da Nijeriya, da Ingila, da Faransa.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗan ƙasa. Muddin kai ɗan ƙasar ne, harajinta yana binka duk inda ka tafi, ko da ka shekara talatin ba ka taka ta ba. Ƙasashe biyu ne suka shahara da wannan hanya, Amurka da Eritiriya.

Dokar Amurka

Amurka ta fara karɓar harajin abin da mutum ya samu a zamanin yaƙin basasarta, wanda aka fara a 1861. Daga baya aka bari. A 1913 aka yi wa tsarin mulkinsu gyara, harajin ya dawo ya zauna. A 1924 aka kai ƙara gaban Kotun Ƙoli. Mai ƙarar ɗan Amurka ne, amma a ƙasar Meziko ya ke zaune, dukiyarsa ma tana can. Ya ce Amurka ba ta da ikon karɓar haraji a kan wannan dukiya. Alƙalai suka ce tana da iko, tun da ya ke shi ɗan ƙasarta ne. A kan wannan hukunci a ke har yau.

Ma'aikatar da ke tara haraji a Amurka sunanta IRS. Kowace shekara ɗan Amurka wanda samunsa ya kai wani adadi yakan cika takarda ya aika mata. Takardar nan ana kiranta da lamba 1040. A ciki zai faɗi dukan abin da ya samu a shekarar, a gida da waje. Ranar 15 ga Afrilu ce ranar ƙarshe ta aikawa. Wanda ke zaune a waje an ƙara masa wata biyu, zuwa 15 ga Yuni. Amma in akwai kuɗin da a ke binsa, ruwa yana hawa kansu tun daga 15 ga Afrilu.

Dokar nan ta hau kan duk mai riƙe da fasfo na Amurka, ko da yana da fasfo na wata ƙasa. Ta kuma hau kan baƙon da aka ba shi katin zama na dindindin, wanda a ke kira girin kad. Ku lura da wannan da kyau. Akwai yaran da aka haifa a Amurka, aka yi musu fasfo, aka dawo da su Kano ko Kaduna suna jarirai. Sun girma a nan, sun yi aure a nan, suna aiki a nan. Duk da haka a wurin IRS su 'yan Amurka ne, kuma tana sa ran takardarsu.

Kada ku ɗauka talaka kaɗai abin ya ke samu. Boris Johnson, wanda ya yi Firayim Ministan Ingila daga 2019 zuwa 2022, a birnin New York aka haife shi a 1964. Sa'ad da ya ke magajin garin Landan ya sayar da wani gidansa a Landan. Amurka ta nemi harajinta a kan ribar gidan. Ya yi ƙorafi ƙwarai, amma ƙarshe ya biya. A 2016 ya ajiye zamansa ɗan Amurka.

Sauƙin Da Aka Yi

Aika takarda dabam, biyan kuɗi dabam. Da yawa daga cikin 'yan Amurka mazauna waje suna aika takarda, amma ba su biyan ko sisi. Dalili kuwa shi ne dokar ta yi musu sauƙi iri biyu.

Sauƙi na fari shi ne yafe wani kashi na albashi. A shekarar 2024 an yafe har dala 126,500. A shekarar 2025 an yafe har dala 130,000. Amma akwai sharaɗi. Ko dai mutum ya zama mazaunin wata ƙasa sosai na cikakkiyar shekara, ko kuwa ya cika kwana 330 a wajen Amurka cikin wata goma sha biyu. Wannan yafewa a kan kuɗin aiki kaɗai ta ke. Ba ta shafi kuɗin haya ba, ko ribar hannun jari, ko ribar sayar da gida. Kuma ba a yafe wa mutum sai ya cika takarda ya nema.

Sauƙi na biyu shi ne rangwame saboda harajin da ka riga ka biya a ƙasar da ka ke zaune. Ga misali. A ce lissafi ya nuna Amurka tana binka dala 1,000 a kan wani samu. Kai kuwa ka riga ka biya Nijeriya daidai da dala 700 a kan wannan samun. Sai a debe 700 daga 1,000. Saura 300. Dala 300 za ka aika Amurka. In kuwa abin da ka biya a nan ya kai 1,000 ko ya wuce, babu sauran abin aikawa. An yi haka domin kada a karɓi haraji sau biyu a kan abu ɗaya.

Mai sana'ar kansa yana da wani nauyi kuma. In ribarsa ta kai dala 400 a shekara, lalle ya aika takarda. Akwai kuma kuɗin asusun tsufa na Amurka da a ke nema a wurinsa, kuma yafewar albashin nan ba ta ɗauke masa wannan ba.

Ajiyar Banki

Akwai wata takarda ta biyu, ta ajiyar banki. In ɗan Amurka yana da kuɗi a bankunan waje, kuma jimlarsu ta wuce dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne cikin shekara, sai ya sanar da Baitulmalin Amurka. Jimla a ke dubawa. A ce yana da daidai da dala 6,000 a wani banki, da 5,000 a wani. In an haɗa sun zama 11,000. Ya wuce iyaka ke nan, sai ya sanar. Ba a biyan kuɗi a kan wannan takarda, amma wanda ya ƙi aikawa tararsa tana da nauyi.

Wani zai ce, to, ina Amurka za ta sani? A 2010 ta kafa wata doka mai suna FATCA. Dokar ta nemi bankunan ƙasashen waje su riƙa ba da labarin ajiyar 'yan Amurka. Shi ya sa in ka je buɗe ajiya a banki, sau da yawa za ka ga an tambaye ka a takarda ko kai ɗan Amurka ne. A 2015 kuma aka yi wata doka wadda ta ba da ikon hana fasfo ga wanda bashin haraji mai yawa ya taru a kansa.

Wanda bai san da dokar ba sai daga baya, kada ya firgita ya ɓuya. Tun 2012 IRS ta buɗe wata hanya ga mazauna waje waɗanda ba da gangan suka ƙi ba. Mutum zai aika takardun haraji na shekara uku da suka wuce, da na banki na shekara shida, ya bayyana dalilinsa, ya biya abin da a ke binsa in akwai.

Dokar Eritiriya

Eritiriya tana gabashin Sudan, a bakin Bahar Maliya. Ta sami 'yancin kanta a 1993. Tana neman 'yan ƙasarta da ke waje su biya kashi 2 cikin 100 na abin da suka samu. Watau wanda ya sami 1,000 zai ba da 20. A ofishin jakadanci a ke biya. Wanda bai biya ba yakan sha wuya in yana neman sabon fasfo ko wata takarda daga gida. A watan Disamba na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da yadda a ke tsoratar da mutane wajen karɓar wannan kuɗi.

To, Mu Fa?

Nijeriya hanyar mazauni ta ke bi. Wanda ke zaune a Nijeriya zai biya haraji a kan abin da ya samu, a gida ko a waje. Wanda ya ƙaura ya zauna a wata ƙasa, Nijeriya ba ta bin albashinsa na can don kawai yana riƙe da koren fasfo. Babbar alamar da a ke dubawa ita ce kwana 183. Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Nijeriya cikin wata goma sha biyu, mazauni ne. Ana kuma duba inda gidansa ya ke, da iyalinsa, da sana'arsa. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, aka tsai da Janairu na 2026 domin fara aiki da su.

Amma ga inda mutane da yawa su ke kuskure. Ƙaura ba ta ɗauke haraji daga abin da ka bari a gida. A ce wani mutum yana aiki a Saudiyya. Ƙasar nan ba ta karɓar haraji a kan albashi. Ya tara kuɗi ya gina shaguna a Kano, ya zuba 'yan haya. Kuɗin hayar nan a Nijeriya aka same su, saboda haka Nijeriya tana da hakki a cikinsu. In ya yi shiru, bashin yana nan yana taruwa. Ran da ya komo yana neman takardar shaidar biyan haraji domin kwangila ko mallakar fili, ran nan zai gamu da shi.

Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da waɗansu ƙasashe domin kada a karɓi haraji sau biyu. Cikinsu akwai Ingila, da Faransa, da Kanada, da Sin, da Afirka ta Kudu. Babu irin wannan yarjejeniya tsakaninta da Amurka.

Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Yi

Na ɗaya, ka san fasfon da ke hannunka da na 'ya'yanka, ka san dokar ƙasar da ta ba da shi.

Na biyu, ka riƙa rubuta ranar da ka fita da ranar da ka shigo. Hatimin da ke cikin fasfo shaida ne, kada ka yar da tsohon fasfo.

Na uku, ka adana kowane rasit na haraji. Da shi za ka nuna ka riga ka biya a wani wuri.

Na huɗu, in ka bar gida ko shago a hannun wakili, ka tabbata ana biyan harajinsa, ka ce a aiko maka da hoton rasit.

Na biyar, adadin kuɗi da sharuɗɗa suna sakewa daga shekara zuwa shekara. Kafin ka sa hannu a wata takarda, ka je ofishin haraji ko wurin akanta ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Duk waɗannan abubuwa biyar, babu wanda zai yiwu sai da karatu da rubutu. Wanda ya iya karatu shi zai duba rasit da idonsa, ya ga kwanan wata, ya ga adadin kuɗi, ba mai cutarsa.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi biyu da ƙasashe su ke bi wajen karɓar haraji daga wanda ke waje.
2. Waɗanne ƙasashe biyu ne harajinsu ke bin ɗan ƙasa duk inda ya tafi?
3. Wace rana ce ɗan Amurka mazaunin waje zai aika takardarsa?
4. Amurka tana bin wani dala 900. Ya riga ya biya 650 a ƙasar da ya ke zaune. Nawa ya rage?
5. Wani yana da dala 4,000 a banki ɗaya, da 7,500 a wani. Ko zai sanar da Baitulmalin Amurka? Don me?
6. Ɗan Eritiriya ya sami 3,000. Nawa ne kashi 2 cikin 100?

Aikin Rubutu

Rubuta wa ɗan'uwanka da ke waje gajeriyar wasiƙa. Ka gaishe shi, sa'an nan ka gaya masa abu uku da ka koya a wannan darasi. Ka kawo wa malam ya duba a aji mai zuwa.